Kiɗan fareti: wane sauri, wane gidan sauti, kuma me ke ba shi kwarjini?

Wani malamin lekol daga unguwar Birni a nan Damagaram ya rubuto cewa an ɗora masa kula da ƴan fanfar na matasa, su ashirin da biyar: begila shida, tarompet huɗu, kilarinet uku, sakso biyu, tarambon biyu, bas ɗaya, sauran bakwai masu ganguna. Suna shirin faretin 18 ga Disamba, ranar Jamhuriyar Nijar. Ya ce macin da suke koya wata rana yakan fito da nauyi kamar na makoki, wata rana kuma kamar kiɗan biki, ƴan makarantar da ke takawa a bayansu kuma ƙafarsu ba ta haɗuwa. Wani abokinsa ya ba shi shawara ya ɗaga gidan sautin kiɗan, wato sautin da aka gina waƙar a kansa, daga si bemol zuwa re, wai re shi ne gidan nasara. Yana tambaya: wane sauri ya dace, wane gidan sauti, kuma daga ina kwarjinin kiɗan soja yake fitowa?

Malam, barka da ƙoƙari. Kada ka taɓa gidan sautin tukuna, ba a nan gizo ke saƙar ba. A kiɗan badujala ƙafa ce ke yanke sauri, kayan busa su ke yanke gidan sauti, kwarjini kuwa yawancinsa a hannun makaɗa da leɓen mabusa yake. Da ƙafa za a fara, don in ta ɓaci duk abin da ka gyara a sama aikin banza ne.

Takun fareti na tsarin Faransa, wanda sojojinmu suka gada, taku 120 ne a minti ɗaya, kowane taku santimita 75. Ke nan taku biyu a kowane sakan, mita 90 a minti, kilomita 5.4 a awa. Ba ka buƙatar wata na'ura don ka auna wannan. Ka dubi agogo, ka ƙirga takun yaranka cikin sakan 15. In ka samu 30, daidai ne. In ka samu 27 kuna kan 108, kun yi nauyi. In ka samu 33 kuna kan 132, kun shiga sassarfa. Metronom, abin da ke buga ƙirgar lokaci daidai-daidai, na cikin waya kyauta ne kuma ya fi agogo, amma a filin koyo kaɗai yake da amfani, ranar fareti ba mai jin sa.

Wannan 120 ɗin ba saukakkiya ba ce, kowace runduna da al'adarta. Sojan Amurka ma 120 suke yi, gudunsu na fareti kuma 180. Sojan Jamus 114. Rundunar Rayifuls ta Ingila 140, abin da ke sa ka ga kamar ana korar su. Bersaliyeri na Italiya a guje suke wucewa suna busa. Lejiyon, rundunar Faransa ta sojoji ƴan ƙasashen waje, kuwa 88 take yi, shi ya sa a faretin 14 ga Yuli a Paris ake barin ta a ƙarshen masu tafiya a ƙasa, don kada ta tare wa na bayanta hanya. Ka lura da wannan 88 ɗin, don zai yi mana amfani nan gaba: ba wanda ya taɓa kallon Lejiyon ya ce makoki suke yi. Taƙama ce. Tafiyar girmamawa ta a hankali, irin wadda ake yi wajen ajiye furanni ko karrama sojan da ya faɗi a fagen daga, ita ce ke sauka wajen 60, taku ɗaya a sakan.

Ga yara ƴan firamare, ƙafarsu ba ta kai santimita 75 ba, kuma in filin rairayi ne ba kwalta ba, ƙafa tana nutsewa kafin ta tashi. Shawarata a nan ka tsaya tsakanin 112 da 116, ka riƙe shi daram. Gara 114 da ba ya motsi da 120 mai hawa da sauka. Amma in an jera ku cikin babban fareti tare da soja da jandarma, babu zaɓi, 120 ɗin za ku bi.

Yanzu ga abin da na fi zargi game da nauyin da kake ji. Ka buɗe takardar kiɗan, ka dubi farkon layi. In ka ga 2/4, kowace gaɓa, wato mezir, taku biyu ce, kuma not ɗin da ake kira nuwar, mai baƙin kai, shi ne taku ɗaya. In ka ga harafin C da aka tsaga da layi a tsaye, ko 2/2, har yanzu taku biyu ne a gaɓa, amma yanzu bilansh, mai farin kai da tsawon nuwar biyu, ce taku ɗaya, ba nuwar ba. Masu koyo da yawa suna ganin nuwar huɗu a gaɓa sai su ƙirga huɗu, su sa metronom 120 a kan nuwar. Sakamakon haka kiɗan ya koma rabin saurinsa cif, macin 120 ya zama na 60. Ba abin mamaki ba ne ya yi kama da makoki, don saurin makokin aka ba shi. In kuma 6/8 ka gani, kada ka ƙirga shida. Biyu za ka ƙirga, kowane taku ya ɗauki kurosh uku, kurosh kuwa rabin nuwar ce.

Ƙa'idar ƙafa ɗaya ce a duk waɗannan: bugun farko na kowace gaɓa a ƙafar hagu yake sauka, na biyu a dama. Mai babbar ganga shi ne agogon kowa. Kada ka ba wa yaron da ya fi ƙarfi, ka ba wa wanda ya fi natsuwa, wanda za a yi ta ihu a gefensa bai canza hannu ba. Ka gwada su ɗaya bayan ɗaya: ka kunna metronom sakan goma, ka kashe, ya ci gaba shi kaɗai na rabin minti, ka sake kunnawa. Wanda ka tarar yana nan a kan bugun, shi ne mai gangarka ko da shi ne mafi ƙanƙanta.

Sauri yakan gudu ne a wurare sanannu. Inda aka ce a busa da ƙarfi, yara sukan ƙara gudu, don jini ya hau. Inda aka ce a sassauta murya, sukan ja ƙafa, kamar taushi da jinkiri abu ɗaya ne. Inda not gajeru suka yi yawa, masu tarompet sukan haɗiye su don su wuce wurin da wuri. Sai kuma bayan ganguna sun yi nasu su kaɗai, lokacin da mabusa za su sake shigowa: in ba su ja numfashi a kan bugun da ya gabata ba, sai su shigo a makare su ja kowa baya. Maganin wannan na ƙarshe shi ne a koya musu cewa numfashin ma yana da mazauninsa a cikin ƙirga, ana jan sa ne a ƙafar dama ta ƙarshe kafin shiga.

Rashin haɗuwar ƙafar ƴan makarantar kuwa, mai yiwuwa ba laifin kowa ba ne, lissafi ne. Sauti yana tafiyar mita 343 a sakan in iska na kan digiri 20, ya ɗan ƙara in an yi zafi. Taku ɗaya rabin sakan ne. Saboda haka wanda ke nesa da ganga da mita 85 yana jin bugun bayan rabin taku, wanda ke nesa da mita 170 yana jin sa bayan taku guda cur, yana sauke hagu lokacin da na gaba ke sauke dama, kuma shi a kunnensa daidai yake. In jerin gwanonku ya wuce mita 50, ka gaya wa na baya su bi ƙafar na gabansu da ido, kada su bi kunne. In ya yi tsawo sosai, ka sa ƴan kiɗan a tsakiyar jerin, ko su tsaya cak daura da rumfar manyan baƙi kowane rukuni ya daidaita ƙafarsa yayin da yake matsowa, kamar yadda ake yi a manyan bukukuwa. Akwai kuma amsa-kuwwa. Bango mai nisan mita 40 yana dawo maka da bugun bayan kusan rubu'in sakan, wato a tsakiyar taku biyu daidai. A lungunan Birni masu dogayen katangu wannan kaɗai ya isa ya rikita makaɗi. A irin wurin, idon kowa ya koma kan sandar tambur-majo, jagoran da ke gaban makaɗa.

Tun da an zo kan lissafi, bari in ba ka na tsawon hanya, don ka san sau nawa za ku maimaita. Ginin maci da aka fi sani shi ne: share fage gaɓa 4, baiti na farko gaɓa 16 sau biyu, na biyu gaɓa 16 sau biyu, sai tiriyo, baiti na uku mai taushi, gaɓa 32, sai wani yanki mai hayaniya kamar musayar yawu tsakanin manyan kaya da ƙanana gaɓa 16, a rufe da tiriyo kuma gaɓa 32. Jimla 148, taku 296, mita 222, minti biyu da rabi saura kaɗan. In hanyarku kilomita ɗaya ce, kuna buƙatar taku wajen 1,330, fiye da minti 11. Ba leɓen yaron da zai busa minti 11 a jere. Ka saka ganguna zalla na gaɓa 16 ko 32 tsakanin kowane zagaye, kuma ka auna filin da ƙafarka tun kafin ranar, ka tsara yadda tiriyon ƙarshe mai ƙarfi zai faɗo daidai gaban rumfa, ba lokacin da mabusa ke hutawa ba.

Mu koma kan gidan sauti, abin da masu solfej ke kira tonalite. Maganar abokinka tana da tushe, sai dai tushen ba na kayanka ba ne. A Turai ta ƙarni na 17 da 18, ƙahon sarauta marar fiston, wato maɓallan da ake dannawa da yatsa, galibi a re ake ƙera shi, kuma igiyoyin goge na Turawa, sol, re, la, mi, suna amo sosai a wannan gidan. Shi ya sa kiɗan biki da na nasara na wancan zamanin ya cika da re. Kayan badujala na yau kuwa a gefen bemol aka gina su. Tarompet da kilarinet da begila na si bemol ne, sakso alto na mi bemol. Ma'anar haka, mai tarompet in ya busa abin da takardarsa ta kira do, abin da ke fita si bemol ne. Mai sakso alto in ya busa nasa do, mi bemol ke fita.

Duba abin da wannan ke haifarwa. In macin a si bemol yake, mai tarompet da mai kilarinet suna karanta do, babu diyez babu bemol, wato alamun da ke ɗaga not ko sauke shi da rabin murya, mai sakso alto yana karanta sol, diyez ɗaya. In a mi bemol yake, tarompet na karanta fa, bemol ɗaya, sakso alto na karanta do tsaf. In ka bi shawarar abokinka ka kai shi re, mai tarompet zai fuskanci mi, diyez huɗu, mai sakso alto kuma si, diyez biyar, kuma suna tafe suna karantawa a ƴar takarda da ke rawa a gaban hanci. Bayan wahalar yatsu akwai ta kunne. Do diyez na ƙasa a tarompet, wanda ake danne fiston uku duka, da re na ƙasa mai fiston na ɗaya da na uku, dukansu sama-sama suke fita sai an ture kulis na uku waje, wato ɗan bututun da ake zamewa don gyara murya, kuma gidajen diyez suna yawan jefa yaro a kansu. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Babbar hujja dai ita ce begilolinka shida. Begila, wato kilaron, ba ta da fiston. Not biyar take da su na aiki: do, sol, do, mi, sol a rubuce, waɗanda ke fita si bemol, fa, si bemol, re, fa. Ba ta da wani. Ka kai kiɗan re, ka sallami mutum shida ke nan, kusan rubu'in ƙungiyarka. Muddin akwai begila a cikin jeri, si bemol ne gidanku, ba don ya fi kowane gida kyau ba sai don a nan ƙarfen yake magana. Irin wannan dalilin ne ya sa kiɗan sojan doki na Faransa ya zauna a mi bemol, don ƙahonsu marar fiston a nan aka yanke shi. Mu da muka tashi muna jin kakakin fadar Sarkin Damagaram bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba: dogon ƙarfe marar rami abin da tsawonsa ya ba shi kawai yake faɗa, gwanintar mabushi tana cikin yadda ya jera ƴan sautukan nan har su zama kirari.

Wani ɗan abu game da begila da ke damun kunne in an haɗa ta da sakso da kilarinet: mi ɗinta yana fita ƙasa kaɗan da na sauran kayan, kimanin santi 14, in aka raba rabin murya gida ɗari. Halittarta ce, ba lalacewa ba. Kada ka sa yaro ya yi ta tura kulis yana neman gyara shi, zai ɓata sauran huɗun. Da leɓe ake ɗan ɗaga shi, ko a bar masu begila su riƙe wannan not su kaɗai.

A tiriyo al'ada ita ce a ƙara bemol ɗaya. Macin si bemol ya koma mi bemol, na mi bemol ya koma la bemol, na fa ya koma si bemol. Shahararren macin Jon Filip Suza na 1896, wanda Amurka ta mayar macinta na ƙasa, haka yake: mi bemol a farko, la bemol a tiriyo. Wannan sauyin yana sa kunne ya ji kamar an shiga inuwa daga rana, kuma a nan ne yaranka za su fi yin kuskure, don yatsa ya riga ya saba da gidan farko. Ga masu tarompet a macin si bemol, si ɗinsu ne zai koma si bemol, daga fiston na biyu zuwa na ɗaya. Ka sa kowa ya kewaye wannan not da jan biro a duk inda ya fito. Masu begila kuma yawanci hutu suke a tiriyo, don not ɗinsu a mi bemol ba sa zama gida, sai a ƴan wuraren da kiɗan ya jingina kan si bemol.

Lokacin da ya halatta a canza gida ɗaya ne: in waƙar ta fi ƙarfin leɓen yaranka. Mai koyon tarompet yana tafe yana busa, in ya kai mi ko fa na saman layi ya yi ƙoƙari, sol kuma iyakarsa ke nan. In takarda na neman la ko do na sama sau da yawa, to ko ka sauke waƙar tarompet ɗin ƙasa da oktaf, wato matakin tsani takwas, a wuraren, ko ka bar wa kilarinet, ko, in babu begila a wannan macin, ka sauke duka da murya ɗaya, daga si bemol zuwa la bemol.

Daidaita kaya ma yana da nasa sharaɗin a garinmu. Ma'aunin duniya la 440 ne, wasu ƙungiyoyin Turai suna hawa 442. Amma iska mai zafi tana ɗaga muryar kayan busa, a lissafi kusan santi uku kan kowane digiri, ko da yake a aikace bai kai haka ba tun da numfashi na ɗumama cikin ƙarfen. Babban kaya kamar bas ya fi ƙarami jin wannan, don yawancin bututunsa numfashi ba ya kaiwa da ɗuminsa. A Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, kowa sai ya jawo kulis waje. A Disamba kuwa tarko biyu ne. Da sassafe hunturu ya sanyaya ƙarfe, muryar kowa tana ƙasa, ka daidaita su a haka. Kafin a kira ku hantsi ya yi, ƙarfe ya sha rana awa biyu ko uku kuna jiran manyan baƙi, kowa ya hau, kuma ba hawa ɗaya ba. Don haka a hura iska mai ɗumi cikin kaya na minti biyar kafin daidaitawar farko, a sake wata gajeriya dab da tashi, a fara daga bas a hau. Bushewar hunturu tana ƙeƙasar da ɗan karan bakin kilarinet da sakso cikin mintoci kaɗan, sai yaro ya zo busawa ya ji ƙara ko shiru. Su riƙa jiƙa shi a baki suna rufewa da murfi. Kilarinet na itace kada a bar shi a rana, tsagewa yake. Ƙura kuma tana kama fiston: a wanke da ruwa mai ɗan ɗumi, a sa man fiston na ainihi, ban da man inji ban da man gyaɗa, don su ne ke haɗuwa da ƙura su zama danƙo. Gangar fata tana ɗaurewa a wannan lokacin har muryarta ta yi tsini, a ɗan sassauta ta. Da damina akasin haka ne.

Saura kwarjini. An saba cewa majer na farin ciki ne, miner na baƙin ciki. Bambancinsu na asali not na uku ne a tsani: a majer yana nesa da tushe da rabin murya huɗu, do zuwa mi, a miner uku, do zuwa mi bemol. Gaskiya ne miner na da duhu, kuma macin makoki na Shopen da aka fi sani a duniya a si bemol miner yake. Amma ka ɗauki busar girmama matattu da ake yi da begila, wadda Faransa ta fara a farkon shekarun 1930. Duk not ɗinta na majer ne tsantsa, tun da begila ba ta da wasu, amma in an busa ta filin gaba ɗaya sai ya yi tsit. A ɗaya gefen, macin bankwana na Rasha da Basili Agapkin ya rubuta a 1912 a miner yake, kuma da shi ake takawa da ƙarfi a faretinsu. Ga kuma Lejiyon da 88 ɗinta. Wato gida kaɗai bai yanke hukunci ba, sauri kaɗai ma bai yanke ba. Tsakanin si bemol majer da re majer kuwa, a tsarin daidaita murya na yau tazarar not ɗinsu iri ɗaya ce sak, bambancin da kunne ke ji daga kayan yake zuwa.

Abin da ke mayar da macinka kiɗan biki ina ganin na san shi, kuma a nan ya kamata ka kashe yawancin lokacin koyo. Maci a 2/4 cike yake da not mai ɗigo da gajere a bayansa: dogo kashi uku, gajere kashi ɗaya. Kunnenmu kuwa ya tashi da kiɗan da ke raba bugu gida uku, mai rangaji, irin wanda ke sa kafaɗa motsi. Ba tare da sun sani ba, yara sai su mayar da uku da ɗaya ya zama biyu da ɗaya. Bambancin a 120 bai kai kashi ɗaya cikin ashirin na sakan ba, amma shi ne tsakanin soja da ɗan rawa. Gyaransa: ka sauke metronom zuwa 72, mai tambur, ƙaramar ganga mai wayoyi a ƙasa, ya riƙa buga huɗu-huɗu a kowane taku, sauran su tafa a na ɗaya da na huɗu kawai. Sai sun ji gajeren not ɗin ya manne da bugun da ke tafe, ba da wanda ya wuce ba, sannan ka hau 84, 96, 108, 120, kada ka tsallake. Wannan rangajin namu ba aibu ba ne, wurinsa ne daban. In ka ba su maci na 6/8, za ka ga sun fi yaran wasu wurare kama shi da wuri, yana tafe kamar dokin hawan Sallah. Kawai kada a cakuɗa biyun a maci ɗaya.

Na biyu shi ne tsawon not. Kwarjinin maci yana cikin shirun da ke tsakanin not, ba cikin ƙara ba. Mai bas da ke riƙe bugun ƙafa ya busa rabin nuwar ya bar rabi fanko. Masu amsa masa a tsakanin taku, ko sakso ne ko tarambon, nasu ya fi haka gajarta, kuma kada su jira su ji bas sannan su amsa, in sun jira sun makara. Kowane not ya fara da harshe, «ta», ba da maƙogwaro ba. In aka ja not ɗin nan suka haɗe da juna, ko saurin na kan 120 daidai sai kiɗan ya yi nauyi kamar ana jan buhu.

Na uku, hawa da saukar ƙarfi. Ƙungiyar da ke busa iya ƙarfinta daga farko zuwa ƙarshe ba ta da kwarjini, hayaniya take, kuma leɓe zai mutu kafin rumfa. Baiti na farko a matsakaici. A tiriyo na farko ka cire sambal, faifan ƙarfe da ake gwarawa, ka zaunar da begila da rabin tarompet, ka bar kilarinet da sakso su rera, babbar ganga ta taɓa a hankali ba tare da saurin ya ragu ko da taku ɗaya ba. Wannan saukar ce ke sa in kowa ya dawo a tiriyon ƙarshe mutane su ji tsigar jikinsu ta tashi. Da ganguna bakwai kan mabusa goma sha takwas, haɗarinka shi ne ganguna su binne waƙar. Ka tsaya nesa da mita 30 ka saurara. In ba ka iya bin waƙar da baki daga can ba, gangunan za a rage, ba mabusa za a ce su ƙara ba.

In an nemi ku yi na girmamawa a hankali, abubuwan nan ne dai ake juyawa. Sauri 60. A saki wayoyin da ke ƙarƙashin tambur ko a lulluɓe fatar da ƙyalle don amon ya dushe, sambal ya yi shiru, not su yi tsawo su haɗe, waƙar ta sauka wurin tarambon da bas. Wahalarsa ta fi ta 120, don tsakanin taku da taku sakan guda ne cur kuma kowa na ɗokin cike shi. Ka sa su ƙirga «ɗaya da, biyu da» a zuci, ƙafa ta sauka a kan lamba, ta wuce ta gefen ƴar'uwarta a kan «da».

Makonnin da suka rage kafin 18 ga Disamba, ka raba kowane zaman koyo gida uku: minti 15 ganguna da ƙafa kawai ba busa, minti 30 busa a tsaye da metronom ana gyaran ɗigo da tsawon not, minti 15 na ƙarshe a haɗa ana tafe, tare da ƴan makarantar da za su bi ku, a jere da tsawon da za su yi ranar. Akalla sau biyu ku yi shi da hantsi a filin da za a yi faretin, da takalman da za a sa.